Daɓen Madaci a Ƙarƙashin Leda

Ni dai har gobe ba na son ganin leda mai furanni a ɗakin amarya. Raina ɓaci yake yi, ko ban san masu ɗakin ba. Dalilin kuwa ƙanena ne, Hamisu.

Hamisu kafinta ne, amma ba na kujera da benci ba. Daɓen katako yake shimfiɗa wa manyan mutane a gidajen Unguwar Rimi da Malali, irin wanda ake jera guntayen madaci ɗaya bayan ɗaya a kan kwalta, a goge, a shafa mai har mutum ya ga fuskarsa a ciki. A 1988 kuɗin daɓen falo ɗaya ya isa a gina ɗaki biyu a unguwarmu, Kurmin Mashi. Shi kuwa mai yi musu, a kan fasasshen siminti yake kwana.

Da aka sa ranar aurensa da Husaina sai ya ce ɗakinta ba zai zama na siminti ba. Wata goma sha huɗu yana roƙon ragowar madaci a wuraren aiki, yana ɗauro su a bayan keke. Da bai isa ba ya sayar da rediyonsa ya cika. Kowace Lahadi yana durƙushe a ɗakin nan, yana yanka, yana gwadawa, yana cire wanda bai zauna daidai ba. Babban abin alfaharinsa shi ne babu ƙusa ko ɗaya a daɓen. Ya faɗa mini wannan ya fi sau hamsin, har na tambaye shi ko katakon zai aura. Amma ranar da ya gama na cire takalmi na taka, na ji santsi, babu sanyin nan na siminti mai shiga ƙashi. Na ce a raina yarinyar nan ta dace.

Sai ranar jere ta zo, ranar da dangin amarya mata suke kawo gado da kwanuka su shirya mata ɗaki, namiji ko ango ne ba ya leƙowa. Hamisu ya tafi unguwar Doka ɗauko kujerun haya. Ni aka bari in tarbe su, tunda ni ce babbar yaya kuma mahaifiyarmu ta rasu.

Gwaggon amarya, Hajiya Halima ta Mando, ita ce a gaba, mace ce da ba ta tambaya sai dai ta yanke hukunci. Ta tsaya bakin ƙofa ta dubi daɓen, ta dubi 'yan'uwanta, ta riƙe haɓa. Ta ce ashe yaron ko siminti ya kasa saya, guntayen shago ya tattaro ya lilliƙa. Wata ta ce 'yan ganin ɗaki za su zo daga Zariya, me za a ce musu, an kai 'yarsu shagon kafinta? Nan take aka aika kasuwa aka sayo leda mai shuɗin furanni da gwangwanin gam.

Na yi magana, Allah ya sani na yi. Na ce musu katakon nan ya ninka ledarsu tsada, a gidajen manyan sojoji ake sa shi. Suka kwashe da dariya.

"Ramatu," in ji Hajiya Halima, "in abin arziki ne, me ya sa ba mu taɓa ganinsa a ɗakin 'yar kowa ba? Ku bar mu mu rufa muku asiri."

A nan ya kamata in tare ƙofa in ce babu mai taɓa shi, ko da biki zai watse. Ban yi ba. Na ji tsoron a ce dangin ango sun yi wa dangin amarya rashin kunya ranar jere, maganar ta bi Husaina har tsufanta. Suka yaɓa gam suka shimfiɗa, ledar ta ƙi kwanciya saboda man da ke jikin katakon, sai ɗagowa take ta gefe. Hajiya ta ce a kawo guduma da ƙusoshi. Ni na san inda akwatin aikin Hamisu yake, ni na ɗauko musu.

Ina tsakar gida ina juya shinkafa ina jin bugun. Mata huɗu suna karɓa-karɓa, babu wadda ta iya riƙe guduma, duk wadda ta kuskure ƙusa sai ta sami katako. Suna yi suna guɗa. Ban taɓa jin haushin mutane irin na ranar ba, kuma rabin haushin na kaina ne.

Bayan la'asar suka tafi, Hamisu ya dawo. Ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, sai ya tsaya cak. Ya durƙusa ya bi gefen bango da yatsa, kan ƙusa bayan kan ƙusa, wasu a lanƙwashe. Ya ɗaga kusurwa guda. Gam ya taso da fuskar katakon, inda ƙusa ta shiga kuwa madacin ya tsage gida biyu.

Na shiga zazzaga masifa a kan Hajiya Halima, ƙauyanci ne, jahilci ne, gobe da sassafe sai na je har gidanta na wanke ta tas. Ya zare wata ƙusa da ba ta shiga sosai ba, ya juya ta a tafin hannunsa. Siririya ce mai ƙaramin kai, irin wadda ba a samu a kasuwa sai a hannun masu aikinsu.

"Yaya, wannan daga akwatina ta fito. Akwatin kuma a ɗakinki na ajiye shi."

Na ce ni na ba su.

Ya daɗe yana kallon ƙusar. Ya mayar da ita raminta, ya danna da babban yatsa, ya shafa ledar ta kwanta. Sannan ya tashi ya ce in ɗauko mayafina in raka shi Mando, ai ba a yi wa mutum jere ya kwana bai je godiya ba.