Kuloli a Ƙarƙashin Gado

Kulolin abinci sun cika ƙarƙashin gadon Tela a asibiti, har babu wurin ajiye takalmi. Mutumin da ciwon daji ya cinye wa rabin harshe, wanda ko ruwa sai da cokali, shi ake ta kawo wa soyayyen nama. Matarsa na karɓa, tana godiya, tana turawa ciki da ƙafa.

Da safe likita ta ja ta gefe.

"Jininsa ya yi ƙasa. Ƙarin nan, in jini bai kai masa iska ba, taurin kai yake yi wa hasken na'ura, a yi ta gashi a banza. A kawo masu ba da jini leda biyu kafin Litinin, ko a ba wani gurbinsa."

Matar ce ta fara naɗe hannun riga. Aka dubi tsohon cikinta, aka ce ta sauke hannun rigarta.

* * *

Da yamma dangi suka cika ɗakin maƙil, ƙarti majiya ƙarfi, kowa da tasa addu'ar. Matar Tela ta bari aka shafa.

"Yaya, jini ake nema."

Yayan Tela ya dubi agogo. "Ai ni hawan jini gare ni, kin sani."

"In ya hau, ai sai a rage maka," in ji ƙaninsu. Aka kwashe da dariya.

"To kai fa?" ta ce.

"Ni allura ce ba ma shiri. Kuma an ce sayarwa suke yi."

Kawu ya ce zai turo mutane. Nan take kowa ya tuna ya ajiye mota inda bai kamata ba. Tela na jin su, ya juya fuska bango. Kunya ta kama ta, kamar ita ta yi laifin.

* * *

Litinin ta zo, mutanen Kawu ba su zo ba. Mai kula da na'ura ya ɗauki abin rufe fuskar da aka ƙera daidai haɓar Tela, ya mayar ma'ajiya, ya kira na gaba.

Matar Tela na zaune a baranda wayarta ta yi ƙara. Matar Yaya ce.

"Ya mai jiki? Wai don Allah, jar kular nan tawa, in kun gama da ita."

Ta jawo kulolin zuwa bakin famfo. Ta buɗe jar, naman yana nan yadda aka kawo shi, ya yi tsami. Ta juye, ta fara wankewa.