Baƙuwar Gidan Ntate Tlala

Mamokete ta kwance bargon da ta yafa, ta kakkaɓe shi a gaban mai kanti. Ba abin da ya faɗo. Ta laluba ƙirjinta, ta zazzage jaka, har takalmin roba ta cire ta leƙa ciki. Katin tallafi dai babu. Ga buhun garin masara da wake da kwalbar mai a gabanta, an riga an buga su a na'ura. Mai kanti ya janye kayan ya mayar bayansa, ya kira na gaba.

Ta san inda aka ɗauke shi. A motar da ta sauko da su garin Thaba-Tseka da safe, wani saurayi mai ladabi ya yi ta ce mata Mme, wato uwa, har ya riƙe mata jaka da za ta sauka. A bayan katin kuwa akwai filasta, a kan filastar akwai lambar sirri da ta rubuta da biro. Wauta ce, ba ta da wani suna, kuma rabin matan gundumar haka suke yi. A ranar aka zuba tallafin wata. Duk wanda ke riƙe da katin nan, abincin gidanta ne a aljihunsa.

Ta nufi ofishin tallafi da sauri, sanyi yana cizon kunnuwanta.

Katin ba da sunanta yake ba. Shekarar da masara ta bushe a tsaye, masu rajista suka hau ƙauyensu suka nemi mai gida. Surukinta yana zaune a rana, ya faɗa musu sunansa da bakinsa, ita kuma aka rubuta ta a matsayin mai karɓa. Ntate take ce masa, wato baba, amma sunan tsohon Tlala, ma'ana yunwa, don a shekarar fari aka haife shi. Tun ranar da aka kawo Mamokete gidan tana amarya, aka yanka tunkiya aka ba ta sunan aure, ta daina furta kalmar nan. Mace mai tarbiyya ba ta kama sunan uban mijinta, ko da sunan ya zama abin da kowa ke faɗa kullum. A gidanta sai dai a ce baƙuwa. Mijinta ya dawo daga ramin zinariya da tari, ya rasu, ba ta canza ba. Jikokinta biyu ma haka suka tashi, in ciki ya yi ƙara sai su ce wa kakar tasu, Nkhono, baƙuwa ta zo. Tsohon yanzu ba ya iya tashi, ita ke juya shi, ita ke ba shi kunu a baki.

Ma'aikacin da ke taga yaro ne a wajenta, yana cin gasasshiyar masara yana sauraronta. Ya ce su nan ba sa rufe kati. Ya nuna mata waya a jikin bango, ya ce ta kira Maseru, babban birni, za a tambaye ta sunan mai kati, ta faɗa, a rufe nan take. Ta ce ya ba ta takarda ta rubuta sunan.

"Mme, waya ba ta karatu."

Ta roƙe shi ya faɗa a madadinta. Ya nuna kyamarar da ke saman wayar da sauran masararsa, ya ce wanda hotonsa ke cikin rajista shi zai yi magana, an kori wani a kan haka. Da ya gane abin da ke damunta sai ya yi dariya, ya ce matarsa da sunansa take kiran babansa, kuma har yau aradu ba ta faɗo mata ba.

"Shi ya sa ka rame," wata tsohuwa ta ce daga kan benci. "Gidan da ba kunya, tuwonsa ba ya kama jiki."

Nkhono Mantsebo ce, maƙwabciyarsu, ta zo a kan katinta da ya tsage. Ita ce ta zaunar da Mamokete a makon aurenta ta koya mata kalmomin da za ta bari da waɗanda za ta ɗauka. Da Mamokete ta gan ta, sai ta kawar da kai.

Layin waya dogo ne. Da ya zo kanta, wata yarinya mai saurin baki ta ɗauka, ta tambayi sunan mai kati. Mamokete ta ce uban mijinta ne. Yarinyar ta ce suna. Mamokete ta faɗi ƙauyensu, ta faɗi sunan iyali, Sefali, ta ce na farkon kuwa abin nan ne da ke kama mutum idan ya wuni bai ci ba. Yarinyar ta ce ita ba wasan kacici-kacici aka ɗauke ta yi ba, ana naɗar maganarsu, in ta tuna sunan ta sake kira. Waya ta mutu.

Mamokete ta fito ta zauna a kan dakali. Ta daɗe a nan. Ƙanƙara ta yi fari a kan duwatsu, masu dawakai suna wucewa da buhuna. Ta yi tunanin ɗora tsohon a kan doki gobe, ta san ba zai kai rafi da rai ba. Ta yi tunanin 'yarta da ke Maseru, wadda masaƙarsu ta sallame su tun kafin sanyi. Ta tuna tukunyar da ta bari a gida, ɗan ɓawon papa ne kawai a gindinta, wato tuwon masararsu. Mutanen da suka tsara wannan waya ba su taɓa zama surukar kowa a kan dutse ba, ba su kuma tambayi wadda ta zauna ba. Suna ganin suna abu ne da ake miƙawa kamar canji.

Rana ta karkata kafin ta koma layi. Da ya rage mutum ɗaya a gabanta, Nkhono Mantsebo ta miƙe da ƙyar, ta gyara bargo, ta ce tabarta ta ƙare, bari ta leƙa kanti. Gwangwanin tabar yana hannunta, cike. Mamokete ta gani, ta gane wuri ake ba ta, ta sunkuyar da kai.

Wannan karon wata murya ce daban, gajiyayya. Ta tambayi sunan mai kati. Mamokete ta juya wa mutane baya, ta rufe baki da gefen bargo.

"Tlala," ta ce, can ƙasa.

"Na sani, Mme. Duk wanda ya kira tun safe abin da yake gaya mini ke nan. Suna nake tambaya."

Ta sake faɗa. Muryar ta ce ta yi haƙuri, ba abinci a wayar nan, in ba ta da suna ta ba na bayanta wuri. Mamokete ta ji ana shirin ajiyewa. Sai ta saki bargon.

"Ntate Tlala Sefali. Sunansa ke nan. Tlala."

Ba ta san muryarta ta kai haka ba. Wani a ɗakin ya fara dariya ya haɗiye ta. A bakin ƙofa Nkhono Mantsebo tana tsaye, ƙafafunta ba su kai ta ko'ina ba, tana kallon duwatsu.

Aka ji ƙarar maɓallai. Muryar ta ce an samu, an rufe katin. Ta ce sai dai ba komai a cikinsa, an kwashe a wani kanti da tsakar rana. Sabon kati sai wata mai zuwa, abin da ya tafi kuwa sai ta kawo takardar 'yan sanda a duba, ba ta yi alkawari ba. Mamokete ta sake tambayar lokacin. Muryar ta maimaita. Lokacin da take zaune a kan dakali ne.

A mota ita da Nkhono Mantsebo suka zauna kafaɗa da kafaɗa har suka sauka.

Yaran suka tarye ta a bakin shinge, suka dubi hannuwanta, suka koma wasansu ba tare da tambaya ba. Ta kankare ɓawon papan ta jiƙa da ruwan zafi, ta raba uku. Ta kai wa tsohon nasa, ta durƙusa daga gefen gado, ta gaya masa an sace kati, sabo sai wata mai zuwa. Ba ta gaya masa sauran ba. Gobe ƙauye zai gaya masa.

Ya sha cokali biyu, ya ture kwanon, ya ce a ƙara wa yara. Ya kalli rufin ciyawa, sannan ya yi 'yar dariyar da ta koma tari.

"To, 'yata," ya ce, "takwarata za ta yi wata guda a gidan nan ke nan."

Mamokete ta gyara masa bargo.

"E, Ntate," ta ce. "Baƙuwa ta zo."