Batirin Kunnen Kafinta

Batiri ne ya daina zuwa. Abin da ya faru ke nan.

Ƙarar injin yankan katako ta cinye wa Kafinta kunne tun yana da ƙarfinsa, kuma bai zauna kuka ba. Shi da matarsa suka ƙago yarensu na hannu. In ta shafa ciki, an sauke tukunya. In ta ja gemun da ba ta da shi, surukinsa ne a ƙofa. Autarsu ma ta iya, har gulma take kawo masa da yatsu.

Sai wata ƙasa mai nisa ta aiko da tallafi, ciki har da na'urar ji. A asibiti aka maƙala masa ita a bayan kunne, kyauta, aka ba shi 'yar tuta ya riƙe aka ɗauki hoto. Da ya dawo gida ya ce wa matar ashe haka take da surutu. Ta ce ai ta daɗe tana zaginsa, bai sani ba ne.

Daga nan yaren hannu ya huta. Matar ta rasu, Auta ta bi mijinta wani gari, zumunci ya koma waya.

Gwamnatinsu da ta waccan ƙasar suka ɓata. A kan me, bai taɓa ganewa ba. Ma'aikaciyar asibiti ta ajiye masa ƙwayar batiri a tafin hannu.

"Baba, wannan ne na ƙarshe. Ba a sayar da irinsa a nan."

Ya zaga masu gyaran agogo da na rediyo, kowa ya jujjuya na'urar ya girgiza kai. Sai ya koma kashe ta don batirin ya daɗe. A shago ya yi aiki shiru, a ɗaki ya ci abinci shiru, wayar tana kan tabarma a gabansa. Sai ta yi haske yake kunna kunnen.

Wata la'asar Auta ta kira. "Baba, ga takwaranka, ya fara magana. Ce Kaka mana."

Ya ji numfashin yaron, ya ji ya buɗe baki. Shi ke nan, batirin ya ƙare. Ya ci gaba da riƙe wayar yana cewa to, to, Allah ya raya, har haskenta ya ɗauke.

Daga baya da ta kawo masa yaron gida, Kafinta ya ɗaga hannu ya taɓa kumatu sau biyu, yadda uwarta take kiranta a da. Ya jira.

Auta ta matso tana murmushi, bakinta yana ta motsi, hannuwanta duka biyu suna cikin mayafi.