Finjali Uku

Kwana biyu ke nan Abdulhamid yana gonarsa ta bayan Katuru, cikin bukkar kara, shi da Abbati ɗan ƙanwarsa. Gero ya nuna, hanya kuma ba kullum take biyuwa ba, don haka mai son girbi sai ya tare a gona har ya gama. Abbati ɗan sa-kai ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Ko alwala zai yi, bindigarsa na jingine da gwiwarsa.

Da gari ya waye Abdulhamid ya gyara duwatsun murhu, ya hura wuta da kara. Gahawa ya koyo a shekarun da ya yi yana jan babbar mota zuwa Agadas. Ya zuba 'ya'yanta a kasko, yana juyawa da tsinke har suka yi duhu suka fara maiƙo, ya daka su da citta a ɗan turmi, ya juye cikin buta ya aza.

Finjali uku gare shi. Shekara goma sha ɗaya, kowace kaka, mutum uku ke sha a gindin tsamiyar nan: shi, da ƙanensa Yazid, da Sabo makiyayi, wanda ke kawo shanunsa su ci kara bayan girbi su bar wa gona taki. Sabo kan zo da ƙwaryar nono, ya ce shi ba ya shan maganin zazzaɓi alhali lafiyarsa lau, sannan ya shanye nasa ya miƙa hannu ga na Yazid.

Bara aka kashe Yazid a gonar nan. Mutane ne suka zo a kan babura. Tun daga ranar ake faɗi a gari cewa an ga Lukman ɗan Sabo a cikinsu. Babu wanda ya rantse, babu wanda ya musa.

Buta na kan wuta sai ga Sabo daga wajen rafi, ba shanu, ba ƙwarya, sanda kawai. Ya rame ƙwarai. Ya yi sallama daga nesa, ya tsuguna inda inuwar tsamiya ta ƙare.

Abbati ya ɗauki bindiga. Ya duƙo ya gaya wa kawunsa a hankali cewa zai raka tsohon nan rafi ya yi mai tambayoyi. Su duka sun san wanda aka raka rafi ba ya dawowa. Ya ce abu guda zai tsayar da shi: in Abdulhamid ya karɓi Sabo a matsayin baƙo, ya ba shi abin sha da hannunsa, to shi ba ya taɓa baƙon kawunsa a gonar kawunsa. In kuwa ya yi shiru, shirun ya isa.

Abdulhamid ya dubi wuta. Ya nemi fushi a ransa, bai samu ba. Ya nemi tausayi, shi ma babu. Tun da ya wanke gawar Yazid haka zuciyarsa take, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ya tambayi kansa ko uba na ɗaukar laifin ɗansa, ya san amsar da malamai ke bayarwa, amsar kuma ba ta motsa komai ba. Ya tambayi kansa ko wanda ya yi shiru ya yi kisa.

Gahawa ta taso. Ya sauke, ya mayar. Ta sake tasowa, ya sauke, ya mayar. A ta uku ya ajiye butar a ƙasa don garin gahawar ya kwanta. Ya jera finjalai a kan faifai ya tsiyaya daga sama, siriri. Sai da ya gama ya ga ya cika uku, kamar yadda hannunsa ya saba.

Ya ɗauki ɗaya ya miƙa wajen Sabo.

Sabo ya matso a tsugune, amma bai karɓa ba.

“Dakata, Malam Abdu. Kada in sha maka abu bisa ƙarya. Lukman yana cikinsu. Shi ya faɗa mani da bakinai. Abin da ya kawo ni ke nan.”

“Kawu, ka ji,” in ji Abbati.

Abdulhamid ya ji. Hannunsa na miƙe, finjalin yana ƙona masa yatsu. Ya jira ko wani abu zai taso masa a ƙirji yanzu da magana ta tabbata. Tsuntsaye ne kawai ke sauka kan geron da ba a yanke ba.

“Karɓi, Sabo. Tana hucewa.”

Sabo ya karɓa. Ya kurɓa bai ce komai game da zazzaɓi ba.

Abdulhamid ya ɗauki na biyu, mai ɗan tsaguwa a baki, wanda Yazid ke sha da shi, ya miƙa wa Abbati. Abbati ya ce shi ba ya shan abu mai ɗaci, kawunsa ma ya sani. Abdulhamid bai janye hannu ba. Suka daɗe a haka. Finjalin ba shi da mariƙi, ga zafi, sai da hannu biyu ake tallabarsa. Abbati ya jingine bindiga da tsamiya ya karɓa.

Su uku suka sha, babu mai duban wani. Abdulhamid bai ji ɗaci ba, bai ji yajin citta ba, ɗumi kawai ya ji yana sauka. Bai sani ba ko yafewa ya yi, ko kuwa asarar gahawar ce bai so ba. Ya juya abin a ransa har finjalin ya ƙare, bai rabe ba.

Sabo ya kife nasa a kan faifai, ya yi godiya, ya ɗauki sanda. Abdulhamid ya ce masa kada ya bi ta rafi, ya bi ta gonar maƙwabcinsu Mahmuda, akwai mutane can. Ya tsaya yana kallonsa har gero ya rufe shi.

Sannan ya ɗauraye finjalai da sauran ruwa, ya naɗe su cikin tsumma, ya ce wa Abbati rana ta yi, kuma saura kunya arba'in ta gero ba a yanke ba.