Kwakwar Unaisi

Sai da Sekove ya cika shekara hamsin da takwas, sanƙo ya gama cinye masa kai, sannan ya taka tsibirin Ovalau inda aka haifi uwarsa. Abin kunya ne, shi ma ya sani. Uwar tasa, Unaisi, ta gudu da ubansa zuwa birnin Suva tana 'yar shekara goma sha tara. Ba a koma neman gafara ba, ba a kai 'ya'ya dangi su ga fuskarsu ba yadda kowa ke yi. Ubansa da taurin kai, uwarsa da kunya, har ƙasa ta rufe su duka biyu. Yanzu mutum ɗaya ya rage a gidan su Unaisi, ƙanenta Peniasi, shi ma ƙarfi ya ƙare. In ya ƙi karɓar Sekove, shi ke nan, shi da 'ya'yansa ba su da dangin uwa.

Da suka sauka a garin Levuka sai ya saki baki yana kallo. Ga tsofaffin kantunan katako a jere, dutse ya tokare su ta baya, teku na lasar ƙafarsu ta gaba. Agogon coci ya buga tara, ya ɗan huta, ya sake buga taran. Uwarsa ta sha ba shi wannan labari yana ɗauka zuƙi ta malle ce.

"Rufe baki, maigida, ƙuda zai shiga," in ji matarsa Litiana. "Wai kai ne direban bas ɗin da ya san duniya."

"Ke dai bari. Duk abin da ta faɗa yana nan."

Suka hau a-kori-kura mai bencin katako, ta bi gaɓar teku tana jijjiga su. Gonakin gwaza sun hau gangaren tsauni kamar an liƙa su. Ruwan kuwa garau, har mutum na ganin kifi daga mota. Sekove ya rungume jakarsa. A ciki akwai tabua, haƙorin babban kifin teku da ake neman gafara da shi, ya kuwa kwana uku yana haddace abin da zai ce.

A bakin ƙauye Litiana ta fizge hular kansa. "Da hula za ka shiga garin mutane? So kake a kore mu tun daga ƙofa?"

Suka iske Peniasi zaune a tabarma, ɗan tsoho ramamme. Sekove ya durƙusa, ya ɗaga tabua da hannu biyu, ya buɗe baki, sai hadda ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Kawu, ni ne ɗan Unaisi."

Tsohon ya ƙare masa kallo. Can ya karɓi haƙorin, ya tafa hannu yadda ake yi.

"Hancinta ne, sanƙon dai na ubanka ne, ɓarawon mata. Miƙo min sandata."

Ya ja su bayan gida, suka bi wata 'yar hanya har gaɓa. Nan Sekove ya tsaya cak. Kurmin kwakwa ne, manya da ƙanana sun cunkushe, ƙasa duk 'ya'yan da suka faɗo ne, wasu sun ruɓe, wasu sun tsiro. A tsakiya akwai guda ɗaya da ta zarce kowa, sai ya ɗaga kai har wuya ya yi ciwo kafin ya ga ganyenta.

"Cibiyar uwarka na ƙarƙashin waccan," in ji Peniasi. "Ranar da aka binne cibiyar aka shuka ta. Da ta gudu, Baba ya ce ba mai taɓa 'ya'yan kwakwar nan sai Unaisi ta dawo. Ya mutu bai janye ba. Duk waɗannan daga ita suka zubo."

"Ba wanda ya taɓa ɗauka? Shekara sittin?"

"Wa ya isa? Maganar mamaci ce." Ya dubi Litiana. "'Yata, wannan mijin naki a Suva ba su koya masa komai ba ne? Ɗan 'yar'uwa in ya shigo gidan kawunsa, abin da ya ga dama shi yake ɗauka. Alade, kwalekwale, har tabarmar da nake kai. Babu hanin da ya hau kansa."

Sai a lokacin Sekove ya gane. Ya shigo a matsayin mai roƙo, ashe shi ake jira. Ya matsa gun wata gajeriya, ya murɗe ɗanyar kwakwa. Litiana, sarauniyar tsiya, tana share ido da gefen zane.

Peniasi ya karɓa, ya zaro addar da ke soke a kututture, ya sare kan da sara uku, ya miƙo masa.

"Sha, ɗana. Amma ka rage min. Tun ina ɗan shekara goma sha biyar nake wucewa ta nan da ƙishirwa."