Teryo, Tashi

Ina cikin gyaran kifi a ƙofar gida na ji muryata ta wuce ni a guje. Babur ne mai ƙafa uku, direban ya ɗaure lasifika a bayan kujera, kiɗan rawar nan da ake kira budots na dukan ƙirjin duk wanda ke layin, kuma a tsakiyar kiɗan ga ni nan ina zagin mijina Ponso. An yanka maganar gutsi-gutsi, an ƙara mata tsini, "malalaci, laci, laci," sai ka ce agwagwa ce aka taka wa ƙafa. Yaran da ke wanka a famfo suka durƙusa suna karkaɗa gwiwa, har da mai nuna ni da yatsa.

Ban ko ajiye wuƙar ba na faɗa gidan maƙwabcinmu, dattijo Nong Teryo. Katako ɗaya ne ya raba ɗakinsa da namu, kuma kaf unguwarmu ta Agdao babu wanda zai yi mini wannan aika-aika sai shi. Tsohon direban babur ne. Da ciwon hanta ya sauke shi daga titi, ya sayi tsohuwar kwamfuta daga wani shagon intanet da ya rufe, ya zauna yana koya wa kansa haɗa kiɗa da yatsa biyu. Ya rataye makirufo a taga kamar mai shanya. Mai tallan awarar zaƙin nan da ake kira taho, zakaran maƙwabta, ƙarar buɗe ƙofar shago, dariyar matarsa Luming, duk ya kwashe ya zuba a cikin injin nan.

Na same shi ya rame, ciki ya kumbura, idanu sun yi rawaya, amma yana kaɗa kai da abin sauraro a kunne kamar saurayi. Na zazzage masa duk abin da ke bakina. Ya bari na gama, sannan ya leƙa kwamfutar ya ce kash, da ya san zan zo da ya kunna makirufo.

"Mare Saling," ya ce, don Mare ake kiran wadda ta riƙe wa mutum 'ya ranar baftisma, kuma ni na riƙe tasu, "muryarki ce gishirin waƙar. Kin san shekara nawa ina roƙon a sa kiɗana a rawar bikin unguwa? Yaran nan dariya suke yi mini, wai kaka da budots. Bana mai unguwa ya ji wannan a babur, ya ce in kammala ta a sa."

Na ce ko shugaban ƙasa ne ya ji, ba za a yi rawa da sunan mijina a filin ƙwallon kwando ba. Ponso malalaci ne, gaskiya ne, amma nawa ne. Teryo ya yi ta murza linzamin kwamfutar. Daga baya ya ce ya yarda zai cire, da sharaɗin in ba shi wani ihun a madadinsa, domin akwai wurin da kiɗan ke ɗaukewa ɗif kafin ya faɗo da ƙarfi, kuma wurin nan ba ya son komai sai muryar mai kifi. Luming ta raka ni ƙofa, ta raɗa mini cewa likita ya ce su koma gida kawai, ya ci abin da ransa ke so. Bikin bana ne, in ji ta, babu na baɗi.

To, ni da ake ji daga wannan kusurwar kasuwa zuwa waccan, sai ga shi an ajiye mini makirufo a gaba na zama bebiya. Kullum in na dawo daga kasuwa zan shiga in tsaya. Ya ce in yi tallan kifi, na yi, ya ce kamar mai karanta sanarwa a coci. Ya ce in tuna wadda ta taɓa cin bashina, na tuna, ihun ya fito a sanyaye. Ya kira Ponso ya kwanta a kan benci yana minshari don in fusata, dariya ta kama ni. Har maƙwabta suka shiga ciki. Wata ta ce kifina na jiya ne, wani ya ɓoye mini silifa, duk suna leƙen taga suna jira in fashe, amma da na hango jan ɗigon ɗaukar murya a fuskar kwamfuta sai ihun ya ƙi fitowa.

Teryo ya ce haka abin yake, shi ya sa yake sata. Wanda ya san ana ɗaukarsa, in ji shi, muryar fita unguwa yake sakawa, shi kuma ta zaman gida yake so. Ya nuna mini hoton ihuna na farko a allon, tsaunuka masu tsini, da na yanzu, shimfiɗe kamar tabarma. Na ji haushi ƙwarai, don ban taɓa kasa wani abu da baki ba. Ga tutocin biki an fara ɗaurawa daga sandar wuta zuwa sandar wuta, shi kuma kullum zamansa a kujera sai raguwa yake.

Wata safiya na dama masa lugaw, kunun shinkafa da citta, na kai. Ƙofa a buɗe, Luming ba ta nan. Na same shi kife a kan tebur, kunci a kan madannan kwamfuta, abin sauraron ya zame, hannu ɗaya na reto. Kwanon ya suɓuce mini. Ban san lokacin da abin ya fito daga cikina ba.

"Teryo, tashi!"

Kajin layin suka watse. Sai hannun da ke reto ya ɗago a hankali, yatsa ɗaya ya lalubi madanni ya danna. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni.

"Shi ke nan, Mare. Mun samu."

Luming ta fito daga bayan labule tana toshe baki. Na cire silifa na bi ta kansa, na bi ta kanta, ina zagi ina kuka, shi kuma yana dariya yana riƙe ciki saboda zafi. Da na gaji na zauna a ƙasa cikin kunun, ya sa mini abin sauraron a kunne. Na ji muryar, kuma tsoro ne zalla a cikinta, har tana tsagewa a ƙarshe. Kunya ta rufe ni. Ya ce tun gashinmu na baƙi muke maƙwabtaka bai san na damu da shi haka ba. Na ce kunun nake wa kuka.

Daga ranar ɗakin ya zama kasuwa. Tagar ta cika da kawuna, ana kallon yadda yake yanka sunansa da kansa. Ya raba "Ter" da "yo", ya ɗaga ɗaya sama ya sauke ɗaya ƙasa, ya jera su a kan bugun ganga suna tsalle, ya sa zakara yana amsawa, ya sa dariyar Luming tana zagayawa a baya. Duk wanda ya ji muryarsa a ciki sai ya buga tsalle ya ce a maimaita. Mai taho ya kawo ƙorafi wai nasa kason ya yi kaɗan. Amma ihun nan nawa na kiran sunansa, wanda ke faɗowa inda kiɗan ke ɗaukewa, Teryo bai taɓa shi ba. Ya bar shi ɗanye, har da ƙarar faɗuwar kwano. Ranar da ya gama, ya tura wa mai unguwa a waya, ya ci 'ya'yan itacen durian da a da aka hana shi, ya ce a dinga sa masa ido a filin, don shi ma zai durƙusa.

Bai kai ba. Ana saura kaɗan biki, da hantsi, Luming ta ƙwanƙwasa katakon da ke tsakaninmu, a hankali, ba irin na aron gishiri ba. Na shiga na same shi a gado, an gyara masa hannuwa. Na tsaya a kansa ina kallon yatsan nan, ina jira ya ɗago. Na daɗe a tsaye. Bakina bai buɗe ba.

Aka kafa rumfa a layi, aka jera kujerun roba, maza suka zauna karta, ana zagayawa da kofi da biskit. Farin akwatin gawar yana falo, da gilashi a saman fuskarsa. An jinkirta binnewa sai 'yarsu ta iso daga Hong Kong, don haka ranar biki ta same shi a gida. Mai unguwa ya zo da hula a hannu, ya ce sun yi shawara, don girmama mamaci za su cire waƙar, kuma za su rage sauti tunda filin yana bayan gidan. Ni na fara buɗe baki, amma Luming ta riga ni.

"Kapitan," ta ce wa mai unguwar, "mutumin nan har mutuwar ƙarya ya yi saboda waƙar nan. In za ku girmama shi, ku juyo da lasifikokin su kalli gidana."

Haka aka yi. Da la'asar sakaliya masu karta suka ajiye karta suka nufi fili, Ponso ma da ba ya tashi don komai ya bi su da gudu-gudu. Ni da Luming muka zauna, don ba a barin gawa ita kaɗai. Kiɗan ya taso, tiw-tiw-tiw, rufin kwano ya ɗauka. Ta taga ina hango su, yara da tsofaffi, masu tallan kasuwa da kayansu na aiki, har mai unguwa, kowa ya durƙusa yana murɗa kafaɗa. Zakara ya yi cara aka yi shewa. Mai taho ya ji kansa ya ɗaga hannu sama. Wallahi daɗi ya kama ni, har na manta inda nake zaune.

Sai kiɗan ya ɗauke. Kwano ya faɗi, muryata ta tsaga unguwar, kuma filin gaba ɗaya ya amsa da ita, ɗaruruwan bakuna suna kiransa ya tashi. Gangar ta faɗo da ƙarfin da ya sa gilashin akwatin ya fara rawa a cikin katakonsa, harshen kyandir yana karkarwa. Luming ta matso da kujerarta, ta ɗora tafin hannu a kan gilashin daidai goshinsa don ya daina ƙara. Ta bar hannun a wurin, ƙafarta ɗaya tana bin bugun a ƙasan siminti.