Ƙofar da Baba Vandi Ya Juya

"Ba nan ba, Maman Sadiya. Kin sake yanka shi a gaba."

Na ajiye almakashi na dubi Baba Vandi. Yana kishingiɗe a tabarma a bakin ɗakin ɗinkina, numfashi na fita da ƙyar, amma bakin nan bai gaji ba. Kwali na biyu ke nan ya sa na ɓata, kuma da almakashina na yadi, wanda ko 'ya'yana ba su isa su taɓa ba.

"Baba, ai kowane gida ƙofarsa a gaba take."

"Wannan ba kowane gida ba. Ɗaga kai ki duba."

Gaskiyarsa. Ga gidan nan kusa da namu ina ganinsa kullum, hannuna ne kawai yake ta yanka ƙofa inda take a tsohon gidan.

Baba Vandi kafinta ne, maƙwabcinmu a Nassarawo tun kafin a kawo ni gidan miji. Ɗansa ɗaya ne, Zira. Ranar da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi, kowa ya kama hanyar Sahuda ta bakin iyaka da kayan jikinsa. Zira ya juya ɗauko wa uban magani, suka harbe shi a bakin ƙofa, matarsa Margret tana hangowa. Daga baya suka cinna wa gidan wuta. Da gari ya lafa muka dawo, Margret kuwa ta zauna a Jimeta, can Yola, a ɗakin yayarta, ita da yara biyu.

'Yan cocinsu da mazan unguwa ne suka sake ginin, har maigidana ya sha ɗaukar bulo. Baba ya kafe sai an toshe gefen titi gaba ɗaya, a buɗe ƙofa ta wajen gidanmu. Magina suka yi mita, ya ce shi ma ai ya san aiki. Ya sha kiran Margret don ya gaya mata, amma da ta ji an ambaci gida sai kuka. "Baba, ba zan iya taka wurin nan ba," sai ta kashe waya. Shi kuma ciwon ƙirji yana cinsa, abin da yake so kawai jikokinsa su girma a gidan ubansu.

"Margret ba ya jin magana yanzu," ya ce mini da irin Hausarsa. "A ba shi abin da zai riƙe a hannu."

Shi ne muka zauna yin kati. Na ninke kwalin biskit biyu yadda zai tsaya da kansa, na yanke saman kamar rufi. Wannan karon na bar gaban a rufe, na tsaga ƙofa a gefe, na bar ɓangare ɗaya don ta riƙa buɗuwa. Ya karɓa ya gwada da yatsa, ya ce ta karkace. Na ce, "To Baba, ka tashi ka sa mata ƙusa." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Kwanon rufi da takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin shayi muka yi, na manna da ƙullun rogo. Da muka zo taga ya ce a sa labule. Na jawo buhun ƙyallayena, shi kaɗai ɓarayi suka raina suka bar mini lokacin da muka gudu, ina tonawa sai ga ragowar atamfar da na ɗinka wa Margret ta Kirsimeti, kore mai zanen ganye. Ban san hawaye ya zubo mini ba sai da ya ɗiga a kwalin.

"Kar ki jiƙa mini gini," in ji Baba.

Rubutun ya ce shi zai yi. Biro na ta zame masa, na miƙa hannu ya ture. Ya daɗe kafin ya gama "Barka da sabon gida", haruffan kamar sawun kaza. Muka ba Hammanjoda, direban da ke jigilar Yola, Baba ya yi ta ja masa kunne kar ya ɗora kaya a kai.

Da Hammanjoda ya dawo, ya durƙusa gefen tabarma.

"Ta karɓa, Baba. Ta yi ta juya shi. Can ta ce, 'Ina ƙofar?' Ƙaramar 'yarta, Ruth, ta nuna mata."

"Ya buɗe?"

"Ta buɗe."

"To shi ke nan," in ji Baba, ya lumshe ido.

Ni dai ban ga shi ke nan ba. Kwanaki suka wuce, ba Margret ba waya, tsoho sai ƙara ramewa yake. Wallahi na ji haushinta, Allah ya yafe mini. Shi kuwa ko sau ɗaya bai yi ƙorafi ba. Duk motar da ta tsaya a titi dai sai ya ɗago kai.

Ya cika wata Laraba da la'asar. Ya nemi kunu, ya kurɓi kaɗan, ya ce ya yi zaƙi da yawa. Na juya in ƙaro ruwa, kafin in dawo ya tafi. Maigidana ne ya rufe masa ido, sannan ya je ya kira fasto.

Margret ta iso washegari, ita da yaran, da 'yar ƙaramar jaka, irin ta wanda bai zo zama ba. Ta sauka a titi, ta tsaya tana kallon bangon nan da babu ko taga. Na kama hannunta na shigar da ita gidana. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki a ƙofarmu, ita a ɗakina take kwana. Katin yana cikin jakarta, na gani da ta ciro zane, 'yar ƙofar har ta yi laushi don buɗewa. Ban ce mata komai a kan gidan ba. Tsoro nake kar in yi magana in ɓata.

Ranar da za su koma, na fito da safe ban gan ta ba, yaran ma ba sa nan. Hammanjoda yana ta hon a titi. Ina tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu sai ga ta ta shigo, idonta jajur, ƙura a gwiwar zanenta.

"Maman Sadiya, akwai wuta?"

"Akwai."

"Ɗan sam mini. Yara ba su karya ba." Ta share hanci da bakin zane. "Ki ce wa direba ya wuce kawai."

Na ɗebo mata garwashi a murfin tukunya. Ta karɓa, ta kare shi da tafin hannu saboda iska, ta tsallaka a hankali ta shige ta ƙofar da Baba ya juya. Ban koma ciki ba sai da na ga hayaƙi ya fara tashi ta saman katanga.